Hayaƙin Ranar Alhamis

Hasumiyar Kudu, dajin itatuwan pinyo na bakin teku,
Alhamis, ƙarfe takwas na safe.

Telmo nawa, hasken idona, sanyin ƙirjina, mai muryar da ke sa in manta da tukunya a kan wuta! Ya kai wanda sunansa ke riga addu'ar safe zuwa bakina, kai da na fifita a kan barcina da abincina, har ma, Allah Ya yafe mini, a kan hankalina! Gaisuwa gare ka daga macen da ke zaune a saman matakala ɗari da goma sha bakwai, ba ta da abokin hira sai iska da oba-oba, wadda aka ɗora wa tsaron dajin nan kaf, amma mutum ɗaya tak idonta ke nema a cikinsa. Ka san mutumin. Ya san kansa, kuma ya san ina kallonsa, abin da ke ci mini rai ke nan.

Kada ka yi wannan murmushin naka. Na san da shi za ka buɗe takardar nan, kana cewa Otilia ta fara rigimarta. To na fara. Tun Litinin nake rubutu ina yagawa, uku na cikin kwandon shara a gindin tebur. Wannan ta huɗu ba zan yaga ba, ko me zai faru yau.

Safiya ta yi kyau, masoyina, kyau mai ban tsoro. Ta yamma teku ya kwanta lumui, ba ko kumfa. Gabansa tuddan yashi, sai sauran tsofaffin itatuwan da babbar gobara ta bar mana, dogaye, iska ta tanƙwara su duk sun juya wa teku baya. Ta gabas kuwa ka san abin da ke nan: baƙaƙen kututture, da ƙananan pinyo da muka dasa da hannunmu, shekara bakwai ke nan ba su wuce ƙuguna ba. Iskar yau daga can take busowa, busasshiya, mai zafi tun da sassafe. Ganyen da ya zube a ƙasa, waɗannan siraran allurai, in ka taka su ƙarar karyewarsu kake ji. Tun daga ofis aka ce mana yau ko ƙiftawa kada mu yi.

Ka tuna ranar da na fara ganinka? Ni ban manta ba, don da ƙarya ka fara, kuma ya kamata a ce na ɗauki darasi tun a nan. Ka kawo masu yawon ƙafa su goma sha biyu gindin hasumiyar nan, da sandunansu da jakunkunansu, ka tsaya ka buɗe ƙirji kana gaya musu wai sarkin da ya kafa dajin nan shi ya dasa kowace bishiya da hannunsa. Na leƙo ta taga na ce, "Kai mai jagora, ji tsoron Allah! Sarkin naka bayansa na ƙarfe ne?" Baƙi suka fashe da dariya ko da ba su ji abin da na ce ba. Kai kuma maimakon ka ji kunya, sai ka bar su a inuwa ka hau matakalar nan kaf, ka iso kana haki, gumi har cikin ido, ka ce, "To malama, tunda kin fi ni sani, koya mini." Wayyo ni! Da a ce na ba ka ruwa na nuna maka hanyar sauka.

Amma na koya maka. Na ba ka labarin yadda kakata ta ba ni: yashi ne ya taso daga teku yana cin gonaki, ya binne rijiyoyi, ya binne wani ƙauye har saman cocinsa, sai sarki ya ba da umarni a shuka, mata kuma suka ɗauko iri a kwanduna a ka, suka bi tudu tudu suna watsawa. Na nuna maka inda aka sari katakon da aka ƙera jiragen ruwa na zamanin da. Na kai ka tsohuwar matoya, wadda kakanninmu ke dafa ƙaron pinyo a ciki har ya zama baƙar kwalta ta liƙe jirgi, tana nan a ɓoye bayan Tudun Mujiya inda hanyar masu yawo ba ta bi. Ban taɓa kai kowa wurin ba sai kai. Na koya maka karanta yashi: yanyawa tana jera sawunta a layi ɗaya, aladen daji ya bi wuri sai ka ce an yi huɗa, kurege kuma in ya gama da ɗan pinyo ya bar shi kamar totuwar masara. Na koya maka kukan maƙwaƙwafi da na shaho. Yanzu baƙi na tafa maka, suna rubuta sunanka a wayoyinsu wai kai ne ka san daji. Ban taɓa jin haushin wannan ba, na rantse, daɗi ma nake ji.

Kuma akwai safiyar nan ta bakin rafi, inda ruwan daɗi ke shiga teku. Ka riƙe wuyan hannuna ka ce kada in motsa. Karen ruwa ya fito da kifi a baki, ya hau dutse, ya zauna yana ci a gabanmu, bai damu da mu ba. Mun fi minti goma a tsaye, ina jin bugun jininka a yatsunka. Da ya nutse, ka tsinko fararen 'ya'yan kamarinya ka zuba mini a tafin hannu, masu tsami har suka sa na runtse ido, ka ce, "Otilia, kafin ke itace kawai nake gani a nan." Wace mace ce za ta ji haka ta tsira? Na koma gida ranar ina tafiya ina dariya ni kaɗai, har Mama ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne.

To yanzu, rabin raina, bari mu zo kan mai jar hula.

A watan Yuni ta zo, cikin ayarin mutum goma sha huɗu. Ayari ya koma, hula ta zauna. Ban san fuskarta ba, madubin hangen nesa ba ya ba ni fuska daga nan, amma hular na san ta fiye da tawa. Da na tambaye ka, ka ce wata baƙuwa ce daga Lisbon, tana ƙirga tsuntsayen gaɓa, tana biyan jagora ita kaɗai duk Alhamis. Madalla. Sana'a ce, ban hana ba. Sai dai ina so ka gaya mini, wane tsuntsu ne ba ya ƙirguwa sai an riƙe wa mace hannu? Gungumen nan da ke kwance a kan hanyar rafi, tsofaffi masu sanda suna tsallake shi ba wanda ya taimaka musu, ita kuwa sai ka miƙa mata hannu biyu, kuma bayan ta tsallake hannun ba ya saurin dawowa. Na ƙirga, Telmo. Ni ma ai ƙirga nake yi a nan sama. Kuna shiga ƙarƙashin manyan itatuwa da ƙarfe goma, ganye ya rufe ku, ba na sake ganin hular sai bayan ƙarfe biyu. Tsuntsayen gaɓa kuma, a iya sanina, a gaɓa suke.

Da a nan abin ya tsaya, da kishi ne kawai, irin na kowace mace, in yi kukana in wanke fuska. Amma Alhamis ta farko a watan Yuli, ƙarfe goma sha ɗaya saura kaɗan, hayaƙi ya tashi. Siriri, fari, daga bayan Tudun Mujiya. Na juya faifan awo na saita shi, lamba ɗari uku da talatin da ɗaya. Ko ido rufe na san abin da ke kan wannan lamba, kuma na san mutum biyu ne kawai a garin nan ke zuwa matoyar, ɗayansu tana zaune a kan kujerata.

Ka san yadda aikin yake, ni na zaunar da kai na bayyana maka a kan wannan tebur. Lambar hasumiya ɗaya layi ce kawai, ba ta nuna wuri. Sai ta biyu ta ba da tata, a ofis su ja zare biyu a kan taswira, inda suka haɗu can 'yan kwana-kwana za su nufa. Ban gama haɗiye yawu ba oba-oba ta yi ƙara, muryar Kawu Amilcar daga Hasumiyar Arewa: "Kudu, Kudu, Arewa ke kira. 'Yar nan, ina ganin wani abu siriri a ɗari biyu da biyar. Ba ni taki lambar." Na dubi hayaƙin da idona biyu na ce, "Hazon teku ne, Kawu." Ya ce, "Hazo da ƙarfe sha ɗaya? To, idonki ya fi nawa ƙuruciya." Bayan minti ashirin hayaƙin ya mutu. 

Kawu Amilcar fa, Telmo! Aminin Baba, wanda suka yi shekara talatin suna tatsar ƙaro tare, wanda ya tsaya mini aka ba ni aikin nan. Shi ya riƙe ni a maƙabarta. Ka san yadda Baba ya ƙare. Gobara ba ta taɓa jikinsa ba, amma bayan ta wuce kullum sai ya fita da buhu yana tsince fasassun kaskon ƙaro daga toka, ya kawo gida ya jera a tsakar gida, ba ya magana da kowa, kafin shekara ta zagayo muka binne shi. A bakin kabarinsa na ce ba za a sake kunna ko ashana a dajin nan ina da ido ba. Wannan tsoho na yi wa ƙarya, kuma ba sau ɗaya ba. Alhamis ta biyu na ce ƙurar mota ce. Ta uku na ce rana ta haske mini ido.

Don wa? Don kai, zumar zuciyata, don kai! Don na san doka: daga farkon rani ko taba ba a kunnawa a cikin daji, wanda aka kama da wuta kuwa kotu ce, takardar jagora ta tafi har abada, in alƙali ya tashi da fushi har gidan yari. Na ce a raina, wata ƙila ba shi ba ne. Na ce wata ƙila yana da dalili. Na yi ta ƙirƙiro maka uzuri iri iri waɗanda kai kanka ba za ka iya ƙirƙirowa ba, duk iya bakinka.

Ranar hutuna na sa takalmi na tafi matoyar. Na so in ga ba komai, Allah Ya sani. Ga duwatsu uku a bakin matoya, an rufe tokar da yashi, an rufe da kyau, ba zan ƙi yaba maka ba. Na tona da sanda. Ƙayar kifin sadin, ɓawon lemun tsami, gutsuren burodin masara da tururuwa ke ja. A yashi kuma ga takalminka, na dama da ya fi cinyewa ta waje. Kusa da shi ƙananan ƙafafu, ba takalmi. Ta cire takalmi, Telmo. Ga kuma inda aka shimfiɗa bargo, faɗin mutum biyu, allurai sun kwanta. Kaicona, ni da na koya maka karanta yashi, ka manta ni ma na iya? Na zauna a kan bangon matoyar da kakannina suka gina, wani kurege a sama yana ta jefo mini ɓawo, na yi kuka har na gaji na tashi.

Kuma kada ka ɗauka ni kaɗai ke da ido. Ranar Asabar a kasuwa Leonilde mai kifi ta kama hannuna a gaban mutane ta ce, "Ke Otilia, ashe ana shagali! Duk Alhamis mutumin naki sai ya zaɓi sadin shida, manya, ya ce a cire masa ciki. Shi ya sa kike ta sheƙi!" Matan wurin suka kwashe da dariya. Ni ma na yi dariya, na ce ai ya iya kiwo. Na rame, Telmo, siket ɗina har juyawa yake a ƙuguna, ita kuma ta gani sarai, shi ya sa ta faɗa da ƙarfi. Sadin shida! Ko ƙaya ɗaya ba ta taɓa hawa matakalar nan ba.

Duk da haka, ka ji irin wautar da so ke sa mutum, na ce zan iya haɗiye ta. Na ce baƙuwa ce, kaka na zuwa za ta tattara hularta ta koma birni, ni kuwa ina nan, daji na nan. Na ce namiji mai fara'a irinka dole mata su bi shi, laifin fara'ar ne. Har na fara shirya yadda zan yafe maka, da kalmomin da zan faɗa, da rigar da zan sa.

Sai makon jiya. Asibiti suka ba Mama ranar Alhamis don duba idonta, na roƙi abokin aikina Fausto ya hau a madadina. Ranar Laraba da yamma ka zo ƙofar gida, ka sumbaci goshina, ka ce, "Gobe kina sama?" Na ce a'a, Fausto ne. Ka ce, "Ah, to, Allah Ya ba Mama lafiya." Da na dawo na tambayi Fausto yadda yini ya kasance, ya ce lafiya lau, ko tururin shayi bai gani ba. Na wuce wajen Leonilde kamar zan sayi kifi, na bi ta bayan gida na tambaya, ta ce ai mutumin naki bai zo ba wannan makon, ko kun yi faɗa ne?

A kan hanyar gida na tsaya cak a tsakiyar titi, har wani mai keke ya zage ni. Gobe kina sama? Tun farkon Yuli kowace Laraba sai ka yi mini wannan tambaya, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa bawan Allah yana so ya san inda zai ɗaga kai ya tuna da ni. Ashe jadawalin aiki kake dubawa! Ranar da wani ke kan kujerar nan ba ka kunna wuta, don ka san zai kira. Ranar da nake kai kake kunnawa, don ka san ba zan kira ba. Ka auna son da nake maka, ka ga ya isa ya rufe hayaƙi, sai ka gasa wa wata kifi a ƙarƙashinsa. Haba Telmo! Haba! Matar ba ta ƙona ni kamar wannan ba. Da ka ci amanata a ɓoye kana tsoron in gani, da na ce ko ba komai kana jin nauyina. Kai kuwa a gaban idona ka yi, ka dogara da idon.

Tun ranar zargi ya shiga ko'ina, har inda ban so ya shiga ba. Ina kwance ina tambayar kaina, ranar da ka hau matakalar nan kana haki, ni ka hau nema ko labarin da za ka sayar wa baƙi? A bakin rafi, da ka riƙe hannuna, ni ka riƙe? Maganar nan ta itace kawai nake gani, sau nawa ka faɗe ta, da harsuna nawa? Ita ma ka zuba mata kamarinya a tafin hannu? Ta runtse ido? Ban san amsa ba, kuma abin haushin, in ka ba ni amsa da wannan bakin naka zan yarda, na san kaina. Shi ya sa nake rubutawa maimakon in tsaya a gabanka.

Ranar Litinin Kawu Amilcar ya zo da kansa. Mutum mai shekara sittin da takwas, da ciwon gwiwa, ya hau har nan yana hutawa a kowane hawa. Ya zauna, ya sha ruwa, ya dubi wajen Tudun Mujiya ya daɗe. Sannan ya ce, "'Yar nan, idona ya tsufa amma bai mutu ba. Sau uku na ba da layi ba a gicciye shi ba. Ban tambaye ki ko waye ba, kuma kada ki gaya mini. Amma ranar Alhamis an ce iskar gabas ce. Yashi ba ya kashe garwashi a irin wannan iska, ni da ubanki mun gani." Ya tashi zai sauka, ya juyo ya ce, "In hayaƙi ya tashi, ni zan kira. Ina so in ji muryarki a bayan tawa, kada in ji shiru." Bai yi mini faɗa ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Jiya kuma ka zo, kamar kullum, da ƙamshin ƙaro a rigarka. Ba za ka ce ban gaya maka ba. Na riƙe fuskarka da hannu biyu na ce, "Telmo, gobe iskar gabas ce. Duk wanda ya kunna wuta a daji gobe, ko ubana ne ya taso daga kabari, sai na kira." Ka yi dariya ka ce, "Wane mahaukaci ne zai kunna wuta a wannan zafi?" Na ji sanyi, wallahi na ji sanyi, na ce ya gane. Ka kai bakin ƙofa, ka juyo kamar abin ya faɗo maka yanzu, ka ce, "Af, gobe kina sama?" Na ce ina sama.

Ƙarfe goma ta yi yanzu. Na gan ku. Hular na gaba, kai kana baya da jaka a kafaɗa, kun tsallake gungume, ganye ya rufe ku. Jakar ta yi mini girma, amma wata ƙila ruwa ne, zafin yau ai sai da ruwa mai yawa. Ka ga, har yanzu ina nema maka.

Ina roƙonka, abin ƙaunata, ko da yake takardar nan na kan tebur kai kuma kana can, ina roƙonka da duk abin da ke tsakaninmu, ko da rabinsa ƙarya ne. Ku ci burodi da zaitun. Ku ci kifin ɗanye in kun ga dama. Ka riƙe mata hannu, ka ba ta labarin sarki da jirage, ka faɗa mata duk abin da ka faɗa mini, na yafe, yau ɗaya na yafe. Kawai ka bar ashanar a aljihu. Ka bar mini ita in zama shaida cewa maganata ta taɓa shiga kunnenka, cewa da na riƙe fuskarka jiya ka ga mutum a gabanka. In ƙarfe biyu ta yi sama na nan garau, zan sauko in same ka, ba zan ɗaga murya ba, zan tambaye ka ni ko ita, abin da ka ce shi ke nan. Dubi ƙananan itatuwan can, Telmo, ka dasa wasu da hannunka ranar da muka fita gayya, kana ta ƙorafin bayanka. Akwai zomaye a cikinsu yanzu, sun dawo. Bayansu kuma gari ne, da Mama da ido ɗaya a ɗaure.

Sha ɗaya saura kwata. Ba komai. Shaho biyu na shawagi a kan tudu. Bakina ya bushe, ruwan gorata ya yi zafi.

Saura biyar. Ba komai. Allah, na gode Maka, ashe ya ji.

Telmo.

Ya tashi. Yau hayaƙin bai miƙe sama ba, iska ta kwantar da shi tana jansa wajen manyan itatuwa, kuma ba fari ba ne kamar na da, akwai duhu a gindinsa. 

Na kira. Ban jira Kawu ba, ni na fara. Na ce, "Arewa, Arewa, Kudu ke kira, hayaƙi a ɗari uku da talatin da ɗaya, bayan Tudun Mujiya, a tsohuwar matoya, akwai mutum biyu a wurin." Ya ba da tasa lambar, sannan ya ce, "Na ji ki, 'yar nan." Ga jajayen motoci can sun fito daga gari, uku, motar jandarma na bin su. Minti goma sha biyu ne zuwa wurinku in ba su maƙale a yashi ba. Ka zuba yashi, ka zuba da hannu biyu, in ta fi ƙarfinka ka ja matar ku gudu wajen teku, kada ku tsaya a hanyar hayaƙi. Kada ka tsaya ɗaukar jaka.

In sun tambaye ka wa kake zargi ya kira, kada ka ɗora wa tsoho. Ni ce. Zan zo kotu in faɗi abin da na gani yau, in faɗi sau ukun da na gani na yi ƙarya, su karɓe kujerar nan in sun ga dama, na cancanta. Na san ba za ka sake hawa matakalar nan ba, wata ƙila ko a hanya ba za ka amsa gaisuwata ba. Amma ka sani, ya kai wanda na so tun kafin in san halinsa kuma ban daina ba bayan na sani, babu wani namiji da zai riƙe wuyan hannun nan bayanka. Ba alkawarin daɗin baki nake maka ba, na duba zuciyata ne na ga haka take, da zan iya canza ta da tun makon jiya na canza. Ka fito da rai, ka tsane ni shekara ɗari, zan ɗauka.

Dole in ajiye alƙalami, suna neman in gaya musu inda iska ta juya.

Taka, yau da kake ƙina da duk ranakun da suka rage mini,
Otilia